Motar Baba da Famfon Ƙofar Gida

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga ƙanina Abdulmalik,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a can Guwanzu ta ƙasar Sin, kai da Safiyyah da yara. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Jikin Baba da sauƙi, amma ya rame, abinci ma sai an lallaɓa shi. Ni har yanzu ina nan gida wajensa, gidana na Unguwar Gano kuwa sai dai in leƙa in ga yarana in dawo.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, kullum sai ka ce in bari za ka turo wani abu. Maganar motar lantarkin da ka aiko ce. Mota kam ta yi, ba ƙara ba hayaƙi, Baba yana miƙe ƙafa ya yi barci har asibitin Zariya inda ake masa ƙarin maganin ciwon dajin nan. Amma wallahi cajinta ya gajiyar da ni. Zuwa da dawowa sai batir a cike, mu kuwa da soket ɗin bango muke jona ta, tana sha kamar mara lafiya yana kurɓar kunu, a yi kwana da wuni ba ta cika ba. Wutar kuma ka san halinta, ta zo da hantsi, kafin azahar an ɗauke. Ƙaramin janaretonmu ko kallonsa ba ta yi. Ga shi tsohuwar motar ka sa an sayar, Baba kuma ba ya iya zaman motar haya, amai yake yi.

Na kira Lawrence mai gyaran wuta a kan akwatin cajin da ka ce za ka turo, wanda ake kafawa a bango ya cika ta tsakanin safiya da la'asar. Ya duba ya ce wayoyin gidan sun tsufa, sai an sake su an jawo layi mai ƙarfi. Irin cajar nan mai sauri da kake gani a can kuwa ba ta gida ba ce. A yadda muke yanzu, in an kunna injin rijiyar burtsatse an jona mota, take fis yake ƙonewa. Dole ɗaya ya haƙura.

To nan gizo ke saƙar, don ka san famfon ƙofar gida da Baba ya fitar sadaka ga marigayiya Inna. Da an kawo wuta sai ka ji jarkoki suna ƙara a layi, tun daga maƙwabtanmu su Maman Omolola har masu kurar ruwa na bayan Tarauni. Baba, da ƙyar yake tashi alwala, amma sai ya dafa bango ya je gareji ya zare wayar mota, ya kunna inji. Tanki ya cika, jama'a su kwashe, ya sake kunnawa. Kafin layin ya watse an ɗauke wuta.

Wancan zuwan da ya wuce, Auwalu direba ya duba da asuba ya ce batir bai kai rabi ba, zai kai mu amma ba zai dawo da mu ba. Muka yi ta neman aron mota har rana ta take, layinmu a asibiti ya wuce. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce maganin nan ba a tsallake shi, in aka sake yi aikin baya ya lalace. Na zauna gaban Baba ina kuka, na roƙe shi a rufe famfon na 'yan kwanaki kafin kowace tafiya. Sai ya ce, "Huraira, ni ina da ku. Ita Inna kuwa, ruwan nan ne kaɗai yake isa gare ta."

Don haka kar ka turo akwatin nan tukuna. In za ka yi wani abu, a sa wa injin ruwan sola tasa daban, a bar wa mota wutar bango. Amma Lawrence ya ce ko yau aka fara ba za a gama kafin Laraba ba, kuma Laraba ce ranar komawarmu. Ka kira Baba da kanka, ko zai ji taka. Ni na gaji, Abdulmalik. Yanzu haka an kawo wuta, na jona mota, ga shi ina jin takun Baba yana jan ƙafa zuwa gareji, kuma ba zan iya tashi in tare shi ba.

Ka gaishe min da Safiyyah, ka shafa min kan Sadiya da Inuwa. Kawu Maje da Baban yara suna gaishe ku. Ku sa mu a addu'a.

Yayarka,
Huraira