Tsagar Ta Wuce Alamar da Na Buga

Inna Torika, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma na manya.

Wata biyu ke nan da aka haifa mini jikan fari, namiji, aka sa masa sunana. Ban taɓa sanin farin ciki irin wannan ba. Matata tana yi mini tsiya wai na ƙwace wa uwar yaron aikinta, shayarwa kawai ta gagare ni. Ubansa ɗana ne, bari in kira shi Sekove, yana aiki a ɗakin injin babban jirgin ruwan fasinjan da ke zuwa tsibirin Kadavu. Matarsa 'yar can ce, kuma Juma'a ta sama za mu kai yaron a wannan jirgin a nuna fuskarsa ga dangin uwarsa. Mu talatin da ɗaya ne. An tara tabarmi da yadudduka, an samo tabua, wato haƙorin ƙaton kifin teku, da za a miƙa wa dattawa. A can sun ware aladu, sun fara haƙar gwaza.

Shekara ashirin da shida na yi ina walda a wurin gyaran jiragen ruwa a nan birnin Suva. Wancan jirgin da tsufansa aka sayo shi. A benen da motoci ke tsayawa akwai ƙofa ta gefe, kuma kusurwarta sau uku tana tsagewa ina ɗinke ta. Yadda muke yi, a huda ɗan rami a bakin tsagar don ta tsaya, a cike ta da walda. Wanda ya koya mini aiki ya ƙara mini abu ɗaya: in buga ɗigo biyu da ƙusa gaba kaɗan da inda ta ƙare, don na baya ya gane in ta motsa.

Ranar Litinin na kai wa Sekove wasu daga cikin tabarmin ya ajiye. Na leƙa kusurwar kamar mai gaida tsohon aboki. An shafa sabon farin fenti, amma ga zaren tsatsa siriri a ƙarƙashinsa. Na bi shi da farce har na taɓo ɗigogina. Inna, ta wuce su da yatsu huɗu, ta nufi sama, wajen benen da fasinja ke shimfiɗa tabarmi su kwanta.

Ƙarfe yana gajiya. Duk igiyar ruwan da ta bi ta ƙarƙashin jirgi sai ta ɗaga tsakiyarsa ta sake shi, kamar mai lanƙwasa waya gaba da baya, sau dubbai a yini. Wayar ba ta faɗin ranar da za ta katse. Kin kuma san ruwan hanyar Kadavu.

Na gaya wa Sekove. Ya ce masu duba jirage sun ba shi takarda a farkon shekara, kuma in magana ta fita kowa zai san daga gidan wa ta fito, aikinsa ya tafi ke nan. Ya ce, "Baba, kai ne ka yi ritaya, jirgin bai yi ba." Matata ta ce in muka fasa, da wane ido za mu kalli surukai? Su kuwa ba mutanen da zan ɗaga waya in ce musu ba ma zuwa ba ne.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ɗinkin ƙarshe da na yi, na ce wa shugaban aiki farantin gaba ɗaya ya kamata a yanke a sa sabo. Ya ce gobe jirgi zai tashi. Na yi waldar, na dangwala yatsa a wata takarda da ban iya karantawa ba a lokacin. Yanzu in na ɗauki takwarana yana barci a ƙirjina, ba na ganin komai sai zaren tsatsar nan. Ba ni da ikon tsayar da jirgi, ba ni da ikon tsayar da biki. Yaya zan yi?

Tsohon mai walda, Suva

Baba, barka da samun takwara, Allah ya raya shi.

Tsoron ɗanka ba na banza ba ne, yana da iyali, aikin jirgi kuma ba a tsintar sa a hanya. Yana kuma yiwuwa a auna wurin a ga bai kai yadda kake tsoro ba. Amma takardar farkon shekara ba ta san abin da ka taɓa da farcenka ranar Litinin ba, kuma ba kai ko Sekove ne za ku yanke hukunci ba, masu na'urar auna ƙarfe ne. Ka tuna jirgin zai tashi kafin Juma'arku, ɗauke da jikokin wasu, kuma ɗanka yana can ƙasa a ɗakin inji kowace tafiya.

Ka rubuta abin da ka rubuta mini: wace ƙofa, wace kusurwa, sau nawa aka ɗinke, yatsu nawa ta wuce alama. Ka kai wa hukumar kula da lafiyar jiragen ruwa gobe da safe, da hannunka, ka roƙa a ɓoye sunanka. Kafin ka fita ka gaya wa Sekove, kada ya ji a bakin wani. Zai yi fushi. Ka bar shi ya yi.

Surukai kuwa, ba ta waya ake yi ba, ka fi ni sani. Suna da dattijo a nan Suva. Ka ɗauki ƙullin saiwar yaqona da ake kai wa manya gaisuwa da ita, ka tafi da mai magana da yawunka, ka zauna a ƙasa ka faɗi gaskiya, ka roƙi a ɗaga ranar ko a bi wani jirgin. Mutanen tsibiri ne, kowane gida ya san abin da teku ke yi. Alade zai iya jiran wata guda. Fuskar yaron suke son gani.

Takardar da ka dangwala wa yatsa ta wuce, ba ka san abin da ke cikinta ba. Wannan karon kai za ka rubuta, kuma ka san kowace kalma. Abin da ka buga ɗigogin nan dominsa ke nan, don na baya ya gane, sai ya zama kai ne na bayan.

Allah ya kai ku Kadavu lafiya, ya maido ku da takwara a ƙirjinka.

Inna Torika