Abin da Likita Ta Ce Game da Memuna

Baban Memuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san wannan takarda ba za ta iso hannunka ba. Ko da kana raye ma, miƙo mini za ka yi ka ce idonka na ciwo, in karanta maka.

Shagon kafintanka na Lamashegu yana hannun ƙaninka Isa. Ya tarar da ƙofofi da kujeru da ka fara ba ka gama ba, har yanzu yana bin masu su yana ba da haƙuri. Mma, mahaifiyarka, ƙafa ta matsa mata, ta koma Dungu wurin yayarka. Ni ina nan bakin titi da kokona da ƙosaina.

Maganar Memuna ce ta sa na zauna rubutu. Tun bayan babbar salla ba ta taka makaranta ba. Wani tica ya tsayar da ita gaban aji ya ce ta karanta, ta tsaya tana kallon littafin, yara suna dariya, har amai ya kufce mata a nan. Shekararta goma sha huɗu, ka san irin kunyar wannan shekarun. Daga ranar, da zarar ta ga yunifom ɗinta sai ta juya baya, ta ƙi ko taɓa shi.

Maƙwabciyarmu Adisa, wadda ke aikin nas, ita ta matsa mini muka je asibiti, ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa. Na ja mayafi na rufe fuska don kada a gane mu. Likitar mace ce, ta daɗe tana tambayoyi. Ta ce abin da ke damun Memuna sunansa ADHD, wato hankalinta ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma da shi aka haife ta. Ta ce ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Ga Memuna ya zo da wahalar karatu, haruffa suna cakuɗe mata. Bayan duka da zagi na shekaru sai fargaba ta shiga, yanzu kuma ciwon damuwa ya hau kai. Ta ce ba lalaci ba ne, ba aljanu ba ne.

Sai ta tambaye ni ko akwai mai irin halin a gida. Baban Memuna, na buɗe baki ina ba da labarinka ga baƙuwa. Makullin da kullum ake nema. Yadda ba ka iya zama a ɗaurin aure har a shafa fatiha. Kwanakin da kake kwanciya ka juya fuska bango idan mai aiki ya zage ka, ko tuwo ba ka taɓawa. Har ranar da ka rasu, ba tef ɗin awo ka manta ba ka juya da moto, babur ɗin nan naka, da gudu, haɗari ya same ka? Likitar tana rubutu, ni ina kuka.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun farkon aurenmu na san idonka lafiyarsa lau. Na bar ka da hujjarka don ina son ganinka da girmanka. Kuma ina fushi da kai. Kai kaɗai ka san yadda ake zama da yarinyar nan. Kai ke ba ta guduma da ƙusa ta yi ta bugawa har ranta ya huce. Ka tafi ka bar ta da ni, da ban san ta inda zan kama ba. Wa zan tambaya?

Sanin sunan ciwon bai canza komai ba. Ɗaya maganin da aka rubuta, na zagaye shagunan magani har ƙafata ta kumbura, babu. An ce tana bukatar malamin da zai zauna da ita ita kaɗai, a ajin da yara ke zaune har bakin ƙofa. Hedimasta ya saurare ni, ya ce zai duba. Isa ya ce in daina wahalar da kaina, in zaunar da ita wurin koko. Na gwada. Ta bar ƙosai ya ƙone a mai tana kallon titi, mata suka yi ta magana, ta koma gida ta shige ɗaki. Mma kuma tana aiko da rubutun sha. Ina ba ta, in ba ta ƙwayar asibiti, ban san wanne nake jira ba.

Yarinyar da muke roƙo ta yi shiru mu ji rediyo, yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Ta rame. Likitar ta ce in kawar da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi. Na kai maganin ɓera ɗakin Adisa. Idan ina wurin sana'a na ga yaro ya taho da gudu, sai in miƙe tsaye, ina zaton daga gida aka aiko shi.

Jiya da la'asar muna zaune muna tsince wake, ba ta ɗago kai ba ta ce mini, “Mma, shi Baba ya warke kafin ya rasu?”

Ashe ta ji duk abin da na gaya wa likita. Na san amsar, kai ma ka sani. Na ce ta miƙo mini faifai.

Allah ya ji ƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ka kwanta lafiya.

Matarka,
Maman Memuna