Inda Baba Ke Tsayawa

Unguwar Hashimi,
Suleja.

Zuwa ga Baba Irmiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya a Kumasi, kai da Mama Hilda da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki da tsawon rai. Ni ce Rebeka, 'yar yayanka Elisha, wadda ba ka taɓa gani ba. Mu nan lafiya lau, sai dai Baba. Wata biyar ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Yana ci, yana gane mutane, amma magana ta ƙi fita.

Abin da ya sa na nemi adireshinka shi ne wani abu da Baba ya tsiro da shi. Kullum in na kai masa abinci, sai ya kife tiren ya riƙa bugunsa da yatsun hagu. Bugu ne mai tsari, ya ɗau lokaci yana yi, sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai yana kallon ƙofa, sannan ya sake daga farko. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Na zaci waƙar coci ce, na bi littafin waƙoƙi kaf ban same ta ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, abin ya hana ni sakat.

Ran Talata tsoho Raphael, mai gyaran rediyo a Madalla, ya zo dubiya. Yana jin bugun sai ya dafe kai, ya ce ai wannan kiɗan Kuraye Biyar ne. Na ce su waye kuma haka? Ya yi mini kallon wadda ta zo duniya jiya. Washegari ya dawo da faifai da na'urarsa a kwali. A bangon faifan ga samari biyar, suma buzu-buzu, wando ya share ƙasa. Na tsakiya mai rataye da jita kai ne, in ji shi. Na gefe kuwa, riga a buɗe har cibiya, wai Babana ne! Dattijon cocin da ya hana ni sauraron rediyo ran Lahadi! Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma na ji haushi, don shekara arba'in ina zaune da mutum ban san shi ba.

Raphael ya ce a kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan kuka fara, a 1972, kuna kiɗan rok irin na Turawa amma da Hausa. Ya ce kun girgiza Kaduna da Jos, kun je Legas kun buga faifai ɗaya tak, sai aka wayi gari kun watse. Wai har yau samarin Abuja na zuwa shagonsa neman faifan, mawaƙan zamani kuma na yankar kiɗan gangar da Baba ya buga a ciki suna ɗora waƙoƙinsu a kai. Shin gaskiya ne da igiyar birkin keke ka taɓa gyara jitarka? Wa ya raɗa muku suna Kuraye? Ina sauran ukun? Me kuma ya shiga tsakaninka da Baba da ko sunanka ba a faɗa a gidanmu? Matambayi ba ya ɓata, ka yi haƙuri da ni.

Da muka sa faifan a tsakar gida, waƙa ta biyu ta fara da ganga ita kaɗai, bugun nan sak. Daidai inda Baba ke tsayawa gangar ta yi shiru, sai jita ta shigo da wani irin kuka. Na ɗauka faifan zai ishe shi, na kai masa ɗaki. Ya saurara har jitar ta shigo, sai ya kau da kai bango. Da aka kashe ya jawo tirensa, ya buga, ya tsaya, ya kalli ƙofa.

Baba Irmiya, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ban san wanda ya yi wa wani laifi ba, kuma in ba ka son amsa tambayoyina, ka bar su. Likita ya ce jikin na iya juyawa kowane lokaci, kuma ina tsoro. Ga lambata a bayan takardar nan. Ka kira ran Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma, zan kara masa wayar a kunne. Ba sai ka ce komai ba. In jitar ta lalace, ka yi da baki. Shi dai zai buga ya tsaya, sauran naka ne.

Ka gaida Mama Hilda da yara. Maigidana Emmanuel da 'ya'yanmu Grace da Alheri suna gaishe ka. Ubangiji ya sada mu da alheri.

Taka 'ya,
Rebeka Elisha.