Shirun da Na Yi a Gaban Alƙali

Litinin, 3 ga Fabrairu

'Yan sanda sun tafi da babbana. Ɗan fari ne, ko a takarda hannuna ya ƙi rubuta sunansa. Shi da Zulkifilu, ɗan Alhaji Sada dillalin rake, suka ɗauke injin ban-ruwa a fadamar Dandamisa. Dukansu sun amsa. Injin ma an mayar wa mai shi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Wata tara.

Na rubuta, na sake dubawa, ko hannuna ne ya kuskure, tunda da girmana na koyi boko. Haka ne. Wata tara a gidan yari. Zulkifilu kuwa faɗa kawai aka yi masa, yau a ɗakinsa zai kwana.

Kafin hukunci alƙali ya ce ko akwai mai magana a kansu. Alhaji Sada ya miƙe, aka ce, "Alhaji, yi zamanka, muna ji." Ya yi ta yabon ɗansa. Sai aka juyo kaina. "Ke ce uwar wannan?" A bainar jama'a, in buɗe baki in yabi ɗan fari? Na sunkuyar da kai. Da mahaifinsa Malam na raye shi zai tsaya.

Alƙali ya ce, "To, ko uwarsa ta rasa alherin da za ta faɗa a kansa."

Mutumin nan ba baƙo ba ne. Ya san kunya ce. Wallahi ya sani.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na tuƙa tuwo har da nasa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na je dubo shi. Sun aske masa kai. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. "Inna, ko cewa kika yi ni ke nome miki gona." Na tashi na fito. A mota na yi ta juya maganarsa har Makarfi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Serah 'yar maƙwabcinmu Ilisha ta zo, lauya ce a Zariya. Ta ce laifi ɗaya hukunci biyu, ana iya ɗaukaka ƙara, amma sai wani ya je ya bayyana halinsa. Maiwada ƙanin Malam ya ce, "Ni zan je, Yaya Kulu ba za ta iya ba."

Sai na ji bakina ya ce, "Zauna, Maiwada. Ni na haife shi."

Ya yi ta kallona. Ba wai na canza ba ne. Tun la'asar dai nake gwada maganar a gaban awaki, kuma da ƙarfi.