Gidan da Jirginsu Ya Gani

Chambellan, 30 ga Oktoba

Ƙawata Guerda,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwaggonki da yaranta, kuma hayaniyar Port-au-Prince ba ta mantar da ke mu ba. Mu dai muna nan da rai, sai godiyar Allah.

Kin tambayi abin da guguwa ta bar mana. Bango uku ne da turmi. Rufin kam har yau ba mu ga inda ya sauka ba. Bishiyoyin koko da ayaba duk sun kwanta. Cikin littattafan soyayyata goma sha ɗaya, huɗu suka tsira, su ma shafukan sun manne. A ɗaya ma saurayin ya buɗe baki ke nan zai faɗa mata abin da ke ransa, ruwa ya cinye maganar.

Ƙarƙashin tsohon tamfol muke kwana, ni da Mama da Kaka Dieula. Yana yoyo, Kaka kuwa tun ranar guguwar take tari. Shi ne babbar damuwata.

Masu agaji sun zo da farar mota da riguna masu aljihu barkatai. Sun shanya mu a filin coci tun safe har rana ta take, suka koya mana wanke hannu. Guerda, Mama da ta shekara ashirin tana wankau aka tsayar ana nuna wa yadda ake murza sabulu, aka kuma ce mu tafa. Bayan nan suka ce kwano na tafe, falle goma sha biyu ga duk gidan da ya rasa rufi. Ba za su bi gida-gida ba, wai laka ta yi yawa. Gobe za su saki wani ɗan jirgi mara matuƙi ya ɗauko musu hotonmu daga sama.

Kar ki yi min dariya. Akwai wani Bature a cikinsu, Mathis, dogo, idonsa kamar ruwan kogi in ya kwanta. Ya gaishe ni da yarenmu a karkace, ya tambayi sunana. Na sunkuyar da kai, da kyar na faɗa. Sai a hanyar gida na shirya amsoshi masu daɗi har bakwai.

Ranar Matattu ta matso, lokacin gyaran kaburbura da ziyara ya yi. Kin san kabarin danginmu na bayan gida, ginin simintin nan mai ɗan rufi da baranda, ramuka uku a jikinsa a toshe da mamatanmu har da mijin Kaka, na huɗu a buɗe yana jiran ta. Ko tsagewa bai yi ba. Kaka ta sayar da kazar da ta rage mana ta sayo shuɗin fenti. Mama ta yi ta faɗa, masu rai ba rufi ana yi wa matattu kwalliya. Kaka ta ce tunda aka kawo ta gidan nan ba a taɓa tsallake shekara ba, ba kuma a bana za ta fara jin kunyar mijinta ba. Ni na shafa fentin. Yau na gama.

Ki gaida mutan gidan. Taki har kullum,
Wideline

Chambellan, 12 ga Nuwamba

Guerda tawa,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta gwaggo. Na ji ciwon ƙafarta ya tashi, Allah Ya ba ta sauƙi.

An karanta sunayen masu samun kwano. Babu namu.

Mama ta ja ni zuwa rumfarsu, tunda ni ce mai Faransanci a gidanmu. Can muka tarar da tafintansu, Mesye Réginald, ɗan birninku, da baƙin tabarau da takalmi mai tsini da yake gogewa da hankici duk taku uku. Ya shafa allon na'urarsa, ya juyo mana da hoto: bangonmu uku, tamfol, sai wani shuɗin abu yana sheƙi a tsakiyar kango.

"Madam, ga gidanki nan garau, har da sabon fenti," in ji shi. "Ku ji tsoron Allah mana, ku bar wa mabuƙata."

Bature in bai sani ba, na yi masa uzuri, wataƙila a ƙasarsu nesa da gida ake kai matattu. Amma wannan? Na rantse miki kakarsa tana kwance cikin irin ginin nan a wani ƙauyen da yake kunyar ambata. Albashi ne ya makantar da shi.

Kin san ni da magana gaban mutane. Na daure na ce kabari ne. Ya sa na maimaita, jama'a suka fashe da dariya. Ya juya ya gaya wa Mathis da Turanci, da guntun murmushinsa, ban san me ya ƙara a kai ba. Mathis ya dafa ƙirji ya ce za su zo su gani da idonsu. Sannan ya tambayi sunana.

A littafi, a nan ne saurayi yake tuɓe rigarsa ya hau saman gida da guduma. Shi kuwa ruwan roba ya miƙo min, rabinsa ma ya sha. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Da muka gaya wa Kaka, dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta ce ashe tsohonta ya fi mu arziki, yana kwance ya mallaki gida.

Ki sa mu a addu'a. Ƙawarki,
Wideline

Chambellan, 3 ga Disamba

Zuwa ga Guerda,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk na tare da ke. Na gode da maganin tarin, ya iso ta hannun direba lafiya. Littafin da kika ce za ki aiko, bar shi tukuna, ba ni da busasshen wurin ajiye shi.

Masu agajin sun zo, bayan kwana tara. Kaka ta sa farar rigarta ta zuwa coci, ta soya kofi ta daka, ta jera kujeru biyu na aro a barandar kabarin. Da suka shigo tana zaune kamar mai jiran surukai.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana, ku shigo daga ciki," ta ce. "Maigidan yana ɗakin sama, sai dai bai cika magana ba. Kai mai tabarau, fassara masa."

Mesye Réginald bai fassara ba, takalminsa ya tsaya kallo. Mathis ya yi jajir har kunne. Na ɗauka kunya ce za ta sa shi yin wani abu. Ina! Izini ya nema ya ɗauki Kaka hoto, wai labarin ya taɓa masa zuciya, mutanen ƙasarsu za su so su gani. Kofinmu ya shanye tas. Kafin su tafi ya yi alkawarin a ranar zai gyara kuskuren, ya kuma tambayi sunana, karo na uku. Na ce masa na manta.

Ya cika alkawari, Guerda. Sun gyara. Yanzu a na'urarsu filinmu maƙabarta ne, maƙabarta kuma ba mazauna. Ranar rabon shinkafa Mama ta miƙa katinmu aka ce an soke. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago. Kwano kuwa an rufe rajista. Mai ƙorafi ya je ofishinsu na garin Jérémie a watan Janairu, da takardar fili a hannu. Takardar filinmu tana wurin da rufinmu yake.

Kwana huɗu ke nan ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Tamfol ya yage ta tsakiya. Shekaranjiya Kaka ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki filo da carbinta, ta rarrafa cikin ramin nan na huɗu. Mama ta durƙusa a laka tana roƙonta, maƙwabta suka taru suna cewa ba kyau, kiran mutuwa ne. Kaka ta leƙo da kai ta ce:

"Ku da kuke da kyau, wa ya bushe a cikinku?"

Gaskiyarta kuwa, duk unguwar ita kaɗai ce ba ta jiƙe ba. Tarin ma ya ɗan lafa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Kullum da safe ni nake kai mata kofi. Ba na iya leƙawa. Nakan tsaya a baranda da kofin a hannu, in kira ta, in jira. Jiya kira ɗaya ta amsa, har da tsiyar wai na cika sukari. Yau sai da na kira sau uku.

Ki gaida gwaggo. Mama tana gaishe ki, Kaka ma ta ce a gaishe ki daga gidanta.

Ni ce taki,
Wideline