Na zuba masa ruwa a ka

Daren Asabar, Tsarnawa

Har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Yau a kokowar yaran lakwal, wato 'yan makaranta, a Konni aka ɗaga Sani, ɗan ƙanena, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Ya miƙe yana dariya. Na yi abin da aka yi mana muna yara, na zuba masa ruwa a ka, na gyara masa laya, na ce ya shirya karo na gaba.

Sai ga Likita Rabi, wadda ta dawo daga ƙarin karatu kan raunin yara 'yan wasa. Ta durƙusa cikin rairayi ta tambaye shi me ya ci da safe. Ya ce fura. Alhali ƙosai na saya masa da hannuna a tasha. Ta tambaye shi da wa ya kama yanzu, ya tsaya yana kallona.

"Baba, yau ya gama," in ji ta.

Na ɗaga mata murya gaban jama'a, na ce shekara talatin ina wannan harka. Ko a jikinta. Ta ce, "Na sani, Baba. Amma kan yaro bai gama ƙwari ba, bugu na biyun ne nake tsoro."

Kafin la'asar ya yi amai sau biyu. Yana asibiti wurinta, da sauƙi. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Ila nake ta tunawa, abokina na ƙuruciya. Shi ma ƙeyarsa ta bugi ƙasa a kokowa, ni na zuba masa ruwa, ya koma fili, daga ranar bai ƙara gane uwarsa ba. Duk shekarun nan cewa nake sammu aka yi masa.