Yumɓu Don Kali

Sahiwal

Liaqat ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya Nasrin da yara? Ni dai ba lafiya ba. Ruwan bana ya shiga rumbu, masara da anguryar dabbobi duk sun yi fumfuna. Masu karɓar madara sun dawo mini da tawa, wai akwai guba. Kali, babbar ɓaunata, ta yi ɓari, ko tashi ba ta son yi. Likitan dabbobi ya ce a riƙa barbaɗa musu yumɓu a abinci, yana kama gubar a ciki. Kai da kake haƙar yumɓu a Attock, sai na roƙe ka? Aiko buhu, kada ka tsaya dogon bayaninka.

Yayarka,
Shagufta

Attock

Baji, yayata mai daraja,

Wa alaikumus salam. Yi haƙuri da bayanin. Yumɓu falle-falle yake kamar gurasar faratha, gubar tsakanin fallen take shiga ta maƙale. Na raminmu fallensa a manne suke, na masu tangaran ne, ba zai kama komai ba. Mai kumbura a ruwa kike buƙata, kuma yana wani rami da ambaliya ta yanke hanyarsa. Kullum sai na je bakin gadar na dawo. Ko shi ma ba kowace guba yake kamawa ba. Baji, ki ƙone masarar nan.

Ƙanenki mai biyayya,
Liaqat

Sahiwal

Liaqat,

Salamu alaikum. In ƙone? Shukar ƙarshe ce da mijina marigayi Ghulam ya yi da hannunsa! In ba su me, faratharka? Na gaji da jira, na sayi wata farar ƙasa wurin mai talla, ya rantse ita ce. Cikin Kali ya ɗaure, tana ta nishi. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Nasihar ta isa haka, ka zo da buhun ko a ka ne.

Shagufta

Sahiwal

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Buhunka ya iso da hantsi, mun binne Kali da asuba. Direban da ya kawo shi ya ce a kafaɗa ka ƙetare da shi, ruwa iya ƙirji.

Na ƙone masarar, ni kaɗai. Sauran dabbobin biyu sun fara tuƙa. Jiya an karɓi madara.

Ka sha magani, an ce kana tari.

Yayarka,
Shagufta